Idon Malam Penick

Fuskar sanda da ƙwallon golf ba sa daɗewa tare. Masu awo sun ce haɗuwar tasu ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, wato ƙiftawar ido ma ta ninka ta sau ɗaruruwa. A cikin wannan ɗan taƙi ake yanke wa ƙwallon hukunci, ko ya miƙe sak ya sauka bayan mita 200, ko ya karkace ya faɗa cikin ƙaya. Ba wanda ya taɓa ganin haɗuwar da ƙwayar idonsa. Duk da haka akwai mutanen da abincinsu ke nan, gyara abin da ba sa iya gani, kuma suna gyara shi.

Mu a masarautar Gumel ba a san mu da wannan wasa ba. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, in aka taɓo zancen gwaninta to na doki ne, ko na noma, ko na cinikin dabbobi ranar Alhamis. Da yawa in sun ga golf a talabijin sai su taɓe baki, su ce manya ne kawai ke yawo a lambu, yara na biye da su da jaka. Amma wasan ya matso kusa da mu fiye da yadda ake zato. Marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya hau gadon sarauta a 1995 ya rasu a Janairun 2023, ya kafa babban filin golf a Dutse, ga kuma tsofaffin filayen Kano da Kaduna tun na zamanin Turawa. Sannan Gumel gari ne mai yaye malamai, Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa a nan take. Garin da ake koyar da koyarwa bai kamata labarin malamin golf Harvey Penick ya wuce shi ba.

Wasan kansa ba shi da wuyar faɗi. Fili ne mai ramuka 18, faɗin bakin kowane rami milimita 108. Nauyin ƙwallon bai kai giram 46 ba. Daga inda ake fara bugu zuwa rami akan sami mita 120, ko 350, wani lokacin har fiye da 500, kuma wanda ya zagaye ramukan duka da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanduna 14, kada ya wuce. A 1457 majalisar Sikotilan ta taɓa haramta wasan saboda yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbi da baka. Ka ga ke nan zargin zaman banza ba yau aka fara yi masa ba.

An haifi Penick a birnin Austin na jihar Texas, a Amurka, a 1904. Yana ɗan shekara 8 ya fara ɗaukar wa 'yan wasa jaka a kulob ɗin garin, aikin da ake kira kadi. Yana da shekara 13 ya zama mataimakin ƙwararren kulob ɗin, a 1923 kuma aka damƙa masa kujerar baki ɗaya. Bai sauka ba sai 1971, ɗansa Tinsley ya gaje shi. A tsakani ya horar da 'yan wasan Jami'ar Texas daga 1931 zuwa 1963. Shi ma ya iya wasa, har gasa yake shiga, amma ranar da ya ga gwanin wasan Sam Snead na bugun ƙwallo sai ya san iyakarsa, ya koma ya ba koyarwa ƙarfinsa duka. A ganina nan idonsa ya fara nuna kansa. Kansa ya fara aunawa, bai kuma yi wa kansa ƙarya ba.

Bari mu bi darasi guda daki-daki, yadda malamai irinsa ke yi.

Da farko malam ba ya cewa uffan. Yakan zaro sanda ɗaya daga jaka ya miƙa wa ɗalibi, kuma galibi ƙarfe mai lamba 7 ne. Sandunan nan ba don ado suka yi yawa ba. Mafi tsawo ana ce mata direba, kanta ƙato ne mai rami a ciki, fuskarta kusan a tsaye take, kwanciyarta ba ta wuce digiri 10 ko kusa da haka ba, ita ake bugun nesa da ita. Sai jerin ƙarafa masu lamba. Duk sa'ad da lamba ta hau, sanda na gajarcewa, fuskarta na ƙara kwantawa baya, ƙwallo na ƙara tashi sama yana rage nisa, kimanin mita 10 tsakanin kowace sanda da ta kusa da ita. Lamba 7 tana tsakiya, fuskarta ta kwanta digiri 30 da ɗoriya. Ba ta da tsawon da zai gagari sabon hannu, ba kuma ta ɓoye laifi. Malam zai koma bayan ɗalibi ya tsaya, ya bar shi ya buga biyar ko shida. Mai kallo daga gefe zai ɗauka hannun ɗalibin yake kallo. A'a, ƙwallon yake bi da ido har ya sauka.

Ga dalilin. Ƙwallo abu huɗu kawai ya sani a lokacin haɗuwa: inda fuskar sanda ke duba, hanyar da kan sandar ya biyo, ko daga sama ya sauko ko daga ƙasa ya taso, da kuma saurinsa. Baturen Ingila John Jacobs, wanda ya rasu a 2017, shi ya shahara da tsara wannan ilimi ya yaɗa shi. In ƙwallon na-dama ya fita ta hagu sannan ya lanƙwasa ya koma dama, malam ya san sandar ta yanko ne daga waje zuwa ciki, fuskarta kuma a buɗe. In ya fita ta dama ya murɗo hagu, akasin haka ne. In ya yi ta gudu a ƙasa bai tashi ba, gefen ƙarfen ne ya sari kansa. Daga nan malam zai bi sawu baya-baya, daga tafiyar ƙwallo zuwa fuskar sanda, daga fuska zuwa hannu, daga hannu zuwa tsayuwa. Zai kuma sunkuya ya duba ɓawon ƙasar da sandar ta kankare. Tabon nan shaida ne da ba ya ƙarya. Inda ya dosa nan sandar ta bi, zurfinsa na nuna yadda ta sauko, kuma dole ya fara daga gaban inda ƙwallon yake zaune. In ya fara daga baya, ƙasa aka buga kafin ƙwallo.

Sau da yawa sawun a hannu yake ƙarewa, shi ya sa Penick ya ɗauki riƙo da muhimmanci ƙwarai. Ga na-dama, hannun hagu ne a sama. Ana ɗora mariƙin sanda a karkace, daga gindin ƙaramin yatsa zuwa tsakiyar manuniya, tudun tafin hannu ya hau bisansa, babban yatsa ya kwanta ɗan dama da tsakiya. In mutum ya duba ƙasa ya kamata ya ga ƙullin yatsu biyu ko uku na bayan hannunsa. Hannun dama da yatsu yake riƙo, ba da tafi ba, ƙaramin yatsansa ya hau tsakanin manuniya da ɗan tsakiya na hagu. Wannan riƙo sunan Harry Vardon yake ɗauke da shi, wanda ya ci babbar gasar Birtaniya sau 6. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, a hannayen biyu, ta doshi kafaɗar dama. A juya hannu hagu da faɗin yatsa ɗaya kawai, fuskar sanda za ta iso a buɗe, kuma abin da bai kai komai ba a hannu, a nisan mita 200 sai ya zama ƙwallo a cikin daji.

Sai batun matsewa. Sabon ɗan wasa yakan shaƙe sanda har jijiyoyin damtsensa su fito, wuyan hannu ya sandare, gudun kan sanda ya mutu. A Kano ko Dutse za ka iya jin irin wannan musaya tsakanin mai koyarwa, wanda galibi tsohon kadi ne, da babban mutumin da ya zo koyo:

"Ranka ya daɗe, sassauta hannun nan kaɗan."

"Malam, in na sassauta ai sandar za ta tashi."

"Ba inda za ta, Alhaji. Yatsu ukun ƙarshe na hagu sun ishe ta."

Tsayuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa ta ɗan saki, a rusuna daga ƙugu, hannaye su sauko da kansu. Malam kan ajiye sanda a ƙasa jikin yatsun ƙafar ɗalibi ya ce ya koma baya ya duba inda ta dosa, kuma nan mutane da dama ke gane cewa tun farko gefe suke auna, suna zagin hannunsu a banza. In da direba za a buga, ƙwallon na zama daidai dunduniyar hagu, a kan ɗan turken katako da ke ɗaga shi daga ƙasa. In ƙarfe ne sai ya matso wajen tsakiya.

Lilon sandar shi ne abin da ya fi wuyar faɗi da baki. Kafaɗu na juyawa har baya ya fuskanci inda aka nufa, ƙugu na bin su da rabin juyin, nauyin jiki ya taru a ƙafar dama. Saukowa kuwa daga ƙasa take farawa. Nauyi ya koma ƙafar hagu, gwiwar hannun dama ta sauko jikin haƙarƙari, hannaye su biyo, kan sanda ya zo a ƙarshe da dukan gudun da aka tara. A gama ciki na fuskantar inda ƙwallon ya tafi, ƙafar dama a kan yatsunta. Duka wannan bai cika wuce daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba, kuma ba mai iya tuna jerin umarni bakwai a cikin daƙiƙa. To ya za a koyar? Penick sai ya ɗauko abin saran ciyawa mai dogon mariƙi, ya ce ɗalibi ya yi ta sara. Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan ya san langalanga, kuma ya san yaron da ya ƙware da ita ba da ƙarfin damtse yake aiki ba. Yana lilo da ita daga wannan kafaɗa zuwa waccan, bakinta na shafar gindin ciyawa daidai wuri guda, jikinsa na juyawa ba tare da ya yi tunanin juyi ba. Wanda ya sa ƙarfi shi ke kafta ƙasa, shi ke fara gajiya. Abin da Penick ke nema ke nan, jiki ya koyi motsin ta hanyar aikin da ya riga ya gane, kai ya huta.

Akwai wani abu da ke ɗaure wa kowane sabo kai. In kana son ƙwallo ya tashi sama da ƙarfe, ƙasa za ka buga. Zuciya na cewa ka sa sandar a ƙarƙashinsa ka kwaso shi, kuma duk wanda ya yi haka kan ƙwallon zai sara. Ɗagawa aikin kwantacciyar fuskar nan ne. Ita ke matse ƙwallon, tsagogin da ke jikinta su kama shi su juya shi baya da gudu, sannan ƙananan lotsattsun da ke jikinsa, 300 zuwa 400 da wani abu, su riƙe iska ta tallafe shi. Ƙwallo sumul marar lotsa da ƙyar zai yi rabin nisan. Malamai kan sa ɗalibi ya yi ƙoƙarin wuce da ƙwallo ta ƙarƙashin reshe mai ƙasa-ƙasa. Garin neman ya danne shi sai ya buga daidai, ƙwallon ya tashi ya daki reshen, ɗalibi ya tsaya baki buɗe.

Yashi dai ba baƙonmu ba ne a Sule Tankarkar da Maigatari, kuma a filin golf da gangan ake haƙa ramuka a cika su da shi don su kama ƙwallo. A nan ne kaɗai ba a son sanda ta taɓa ƙwallon. Ana nutsa ƙafafu, a buɗe fuskar sanda, a sari yashin kimanin santimita 4 ko 5 a bayan ƙwallo, yashin ne zai ɗauke shi ya fito da shi. Sandar wannan aiki tana da kauri a gindi don ta zame cikin yashi maimakon ta nutse. Gene Sarazen ya fito da ita fili a 1932, shekarar da ya ci gasar Birtaniya.

Abin da ya fi burge ni game da Penick shi ne inda yake fara wa yara. Jama'a na zuwa da ɗokin direba, a ji ƙara, a ga nisa. Shi kuwa daga bakin rami yake so yaro ya fara, ya riƙa ja da baya sannu a hankali. Lissafinsa a fili yake: kusan bugu biyu cikin kowane biyar a zagaye, da sandar mirginawa ake yin su a kan lallausan dandalin da ke kewaye da rami. Yakan so ɗalibi ya yi atisaye da ƙwallo ɗaya tak, ya cillo shi kan dandali, ya bi shi ya ƙarasa shi rami, domin a gasa ba a ba mutum bugu na biyu. A kowane fili za ka ga mai jaka sabuwa fil, ya juye bokiti guda na ƙwallaye yana ta zabga su da direba ba tare da ya auna komai ba, ya share gumi ya tafi. Can gefe ga wani a tsugune bayan ƙwallo ɗaya, yana karanta gangaren ƙasa da inda ciyawa ta kwanta. Ranar gasa akan gane wanda ya yi aiki a cikinsu.

Filayen Arewa da dama sun daɗe ba su da wannan dandali na ciyawa, saboda ruwa. Yashi ake cuɗawa da baƙin mai a daddale, kuma kafin a mirgina ƙwallo sai an ja wani faffaɗan abu an share hanya daga ƙwallon zuwa rami. Kada a raina wasan ƙasar nan. Sandy Lyle ya ci gasar Najeriya a 1978, Vijay Singh ya ci a 1988, kuma daga baya kowannensu ya ɗauki kofin Masters a Amurka.

Yanzu ga sirrin da ba ya cikin jaka. Penick mutum ne mai rowar magana da gangan. Gyara ɗaya yake bayarwa, kuma yana gargaɗi kada a wuce kima, domin ɗalibin da aka ce ya juya hannu kaɗan, ya ga amfani, gobe sai ya juya da yawa ya ɓata. Yana ƙoƙarin faɗa wa mutum abin da zai yi, ya kauce wa lissafa masa abin da zai bari. Ɗalibansa sun ba da labarin cewa in aka yi masa tambayar da bai gamsu da amsarta ba, sai ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani, ya dawo daga baya da jimla guda. Malamai nawa ne a cikinmu ke iya wannan a gaban aji?

Manyan ɗalibansa biyu maza, Tom Kite da Ben Crenshaw, gari ɗaya suka tashi, amma halinsu ya sha bamban. Kite mai naci ne, mai son sanin dalilin kowane motsi, yana iya wuni yana atisaye. Crenshaw kuwa baiwa ce a hannunsa tun yana ƙarami, sa'ad da Penick ya ba shi guntuwar sanda ya gyara masa riƙo. Penick bai yarda ɗayansu ya tsaya kallon darasin ɗaya ba, domin maganin wannan zai iya zama cutar wancan. A 1972 su biyun suka yi kunnen doki a gasar jami'o'in Amurka. Mata ma sun sha daga gare shi. Kathy Whitworth, wadda ta ci gasa 88, mahaifiyarta ce ke tuƙo ta fiye da kilomita 600 daga New Mexico don darasi. Mickey Wright mai 82 da Betsy Rawls mai 55 duk sun zauna gabansa.

Shekara 60 da ɗoriya yana rubuta abin da ya lura da shi a wani jan littafin rubutu. In ya gwada wata dabara a kan ɗalibai da yawa ta yi aiki, sai ta shiga littafi. Bai nuna wa kowa ba sai ɗansa, har tsufa ya kama shi, ciwon baya ya sa daga cikin ƙaramar motar fili yake koyarwa. Sannan ya miƙa wa marubuci Bud Shrake. Da aka gaya masa kuɗin da kamfanin ɗab'i ya ambata, sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka shi ne zai biya. Ƙaramin Jan Littafin ya fito a 1992, ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya. A shekarar ce kuma Kite ya ci babbar gasar Amurka, aka kawo wa malaminsa kofin.

A ƙarshen Maris na 1995 Crenshaw, wanda wasansa ya taɓarɓare, ya je gaishe shi yana kwance. Tsohon ya sa aka ɗauko wata tsohuwar sandar mirginawa mai mariƙin katako, ya ce ya gwada a kan darduma ya gani. Ya kalla, ya ce ya kula kada kan sanda ya riga hannayensa wucewa. Penick ya rasu ranar 2 ga Afrilu yana da shekara 90. Ranar Laraba Crenshaw na cikin masu ɗaukar makara a Austin, ranar Alhamis yana filin Augusta, ranar Lahadi 9 ga wata ya ci gasar Masters da ratar bugu ɗaya, karo na biyu bayan na 1984. Akwai wani hannu a cikin nasarar da ba a cika ambata ba. A farkon makon, kadinsa Carl Jackson, baƙar fata da ya girma yana ɗaukar jaka a filin, shi ya lura ya ce masa ya ɗan ja ƙwallon baya a tsayuwarsa, ya ƙara juya kafaɗa. Idon mai ɗaukar jaka ne ya gano abin da ya ɓace wa gwani.

Haka abin yake a nan gida. Akasarin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya da masu koyar da shi daga ɗaukar jaka suka fara. Yaron da ke bin ɗan wasa kilomita 6 ko 7 a rana, da sanduna 14 a kafaɗa, yana ganin dubban bugu daga wuri guda da malam ke tsayawa, wato daga baya. Mai lura a cikinsu, kafin ya taɓa mallakar sanda tasa, ya riga ya san wanda ƙwallonsa zai karkace tun daga yadda ya ɗora hannu.

Don haka iyaye, in ɗanku da ke karatu a Dutse ko Kano ya ce yana son zuwa ɗaukar jaka a filin golf bayan an tashi daga makaranta, ku bincika wurin da mutanen da zai bi, in kun gamsu ku bar shi ya je. Ku dai kafa masa sharaɗin ya gama karatunsa. Penick ma sai da ya kammala sakandare sannan ya karɓi kujerar ƙwararren kulob ɗin Austin.